Ƙauyen Da Ke Ƙarƙashin Dam

Da yamma aka sauke kifin daga tururi, da citta da ganyen albasa a kansa, aka ajiye shi a tsakiyar teburi. Gidan Pang can sama yake a wani dogon bene na unguwar Tsuen Wan, ɗaki biyu da falo, idan mutum biyar suka zauna cin abinci sai gwiwa ta riƙa dukan gwiwa. Popo Pang, kakar gidan, wadda ta haura tamanin, tana kan kujerarta ƙarƙashin hoton mijinta da ya rasu. Ɗanta Kwok-leung, mai gyaran firji, yana gefenta da matarsa. Jikanta Kin-fai kuwa ya kasa zama sosai, domin a ranar ya kawo yarinyar da yake so, Shek Yuk-lin, su gan ta.

Yarinyar ta zo da tarbiyya, wannan babu mai musu. Ta kawo lemo da gwangwanin biskit, ta gaida tsohuwa kafin kowa, ta zuba wa manya shayi kafin ta zuba wa kanta, wayarta kuma ba ta fito daga jaka ba. Popo ta dube ta sama da ƙasa, har ta ɗauki cinyar kaza da tsinken cin abincinta ta sa mata a kwano. Wanda ya san Popo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da aka cinye bayan kifin, Kin-fai ya miƙa tsinke zai juya shi. Kafin ya taɓa, Yuk-lin ta cafke masa hannu, har da ɗan jan numfashi. Ta zare ƙashin tsakiya a hankali ta ajiye gefe, naman ƙasa ya bayyana ba tare da an juya ba. Sai da ta gama ta lura kowa ya zuba mata ido. Mutanen jirgi, masu zama a kan ruwa, su ne ke firgita haka idan za a juya kifi, don a wurinsu juya shi kamar kifar da jirgin gida ne.

Popo ta ajiye kwanonta. "A-Lin, mahaifinki a ƙasa aka haife shi ko a kan ruwa?"

Yarinyar tana iya yin ƙarya, ba ta yi ba. Ta ce a kan ruwa ne, ita ma a jirgi ta yi rarrafe, sai da ta isa shiga makaranta aka ba su ɗaki a bene. Aka ƙarasa cin abinci, baƙuwa ta tafi.

Ƙofa na rufuwa Popo ta yanke hukunci. Ta ce muddin tana numfashi 'yar ruwa ba za ta zama matar gidan Pang ba, ƙafarta kuma ba za ta taka tudun da kakan Kin-fai yake kwance ba. Tana da goyon fari aka tashe su daga ƙauyensu aka yi dam, ruwa ya cinye gona da gida da ɗakin kakanni don mutanen birni su sami na sha. Yanzu kuma mutanen ruwa su zo su ɗauke mata jika tana kallo?

"Haba Kaka, wannan ai tsohon yayi ne," in ji Kin-fai. "A asibitin haƙori take aiki. Ko iyo ma na fi ta iyawa."

"Kai da ko wanka sai an kora ka?" in ji tsohuwa. "Rufe mini baki."

Ya juya ga mahaifinsa. Kwok-leung ya sosa ƙeya ya ce shi bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Matarsa ta kwashi kwanuka ta shige kicin, can ta yi nata kukan.

A dajin gwamnati da ya kewaye dam ɗin yaran suka fara haɗuwa, wurin tafiyar safiya, a can kuma Kin-fai ya kai mata labari. Suna tsaye a kan bangon dam ya ce su je ofishin aure kawai su yi rajista, shaidu biyu sun isa, tsohuwa ta yi fushinta ta huce. Yuk-lin ta yi kuka har hancinta ya yi ja, amma ta ce a'a. Ta ce idan ta shiga gidan ta haka, duk ranar biki zai zauna tsakanin kakarsa da matarsa yana rarraba ido, wata rana kuma zai tsane ta saboda hakan. Ta ce za ta jira. Ya ce idan jiran ya yi tsawo fa? Ta share ido ta ce ai ba shi kaɗai ya iya taurin kai ba.

Ta kuwa jira. Kowace shekara ranar sharar kaburbura, in gidan Pang suka sauka daga bas da tsintsiya da lauje da turare, sai su tarar da ita a rumfar da ke bakin dam. Ta gaida Popo, Popo ta wuce ta kamar turken fitila. Su haura tudu, ita ta zauna a rumfa har su sauko, ta sake gaisuwa, a sake wuce ta. Uwarta ta gaji ta ce mata ko ƙafar mutanen tudu da zinariya aka yi ta? Ƙawayenta suka yi aure, wasu har da goyo. Ita dai ba ta taɓa ɗaga ƙafa ta wuce iyakar da aka yi mata ba, ko a ranakun da babu mai ganinta.

Sai aka yi wata shekara da damina ta yi rowa, rani kuma ya yi tsawo. Rediyo kullum yana roƙon mutane su rage ɓarnar ruwa. Ranar shara ta zo da zafi tun da safe. Daga tashar bas zuwa rumfa kawai Popo ta yi haki har leɓenta ya canza launi. Kwok-leung ya ce bana kam ba za ta hau ba, su za su isar da gaisuwarta. Ta yi faɗa, ta kira shi ɗan da bai san ciwon haihuwa ba, amma ƙafafunta sun goyi bayansa. Suka bi titin kwalta mai zagaye, Kin-fai da gasasshen alade a kafaɗa yana waiwaye. Aka bar tsohuwa a wannan ƙarshen benci, Yuk-lin a wancan.

Suna nan zaune wasu tsofaffi biyu masu tafiyar safiya suka sauko, tawul a wuya, ƙaramar rediyo na waƙa a aljihu. Ɗaya yana ce wa ɗayan tunda yake hawan nan bai taɓa gani ba, ruwa ya ja baya a can ƙuryar dam har bangayen wani ƙauye sun fito, daga kan ƙoƙuwar tudu ana ganinsu sarai. Ɗayan ya ce ƙarya yake, idonsa ne ya mutu. Suka wuce suna musu.

Popo ta miƙe. Ta ɗauki lemarta ta dogara, ledar lemo a ɗaya hannun, ta nufi tsohuwar hanyar dutse da ke bayan rumfa, wadda ta fi titi kusa amma ta fi shi tsayi. Yuk-lin ta kira Kin-fai a waya, layi bai shiga ba. Ta dubi hanyar da aka haramta mata, ta dubi bayan tsohuwa yana rangaji, ta saɓa jakarta ta bi.

"Wa ya ce ki biyo ni?"

"Ba ke nake bi ba, Popo. Hanyar gwamnati ce, kowa na iya hawa."

"Bakinki ya fi ƙafarki sauri."

Ba su yi nisa ba birai suka ji ƙarar leda. Wani ƙato ya diro daga reshe, ya fizge ledar, ya koma sama ya zauna yana ɓare lemo yana kallonsu. Popo ta ɗaga lema ta zage shi har kakanninsa, ta ce a zamaninsu da tuni an koya masa hankali. Yuk-lin ta danne dariyarta da ƙyar, ta ce a bar masa, akwai wasu a cikin jakarta. Tsohuwa ta ce ba ta roƙa ba.

Daga nan daji ya rufe su. Popo ta rage sauri, ba don gajiya kaɗai ba. Ta san waɗannan tuddai tsirara, ciyawa kawai, domin su ne matan da suke yanke ta da lauje suna kaiwa murhu, ko kara ɗaya ba sa bari ya girma. Yanzu ga itatuwa sun yi tsayin da sai ta riƙe ƙugu kafin ta ga ƙarshensu, rana tana tsiyayowa ta tsakanin ganye ɗigo ɗigo. Gora tana gogar juna tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Malam buɗe littafi baƙaƙe masu shuɗin fiffike, kowane ya kai tafin hannu, sun taru a kan danshin wani dutse, da matan suka matso sai suka tashi gaba ɗaya suka kewaye su. A gefen hanya akwai wani jeren duwatsu da saiwoyi suka rungume. Popo ta tsaya ta shafa shi, ta ce, ba da kowa take ba, wannan gefen gonar dankalin surukarta ne, da hannunta ta ɗora wasu daga duwatsun nan. Itacen da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum biyu ba za su iya rungume shi ba.

Matakalan suka ƙara tsayi. Yuk-lin ta miƙa hannu sau ɗaya, aka buge shi da lema. Sai ta sake dabara. Ta wuce gaba, duk inda mataki ya yi tsawo sai ta durƙusa a kai wai tana ɗaure igiyar takalmi. Popo ta iso, ta dafa kafaɗarta kamar yadda ake dafa kututture, ta haye. Igiyar takalmin nan ta kwance a ranar fiye da yadda ta taɓa kwancewa tun da aka saye shi. A wani wuri tsohuwa ta zauna a dutse tana haki, yarinyar ta ajiye fulas ɗin shayi a tsakaninsu ta juya baya tana kallon tsuntsaye. Da ta waiwayo ya ragu.

Suna fita daga inuwa iska ta buge su, sai ga su a ƙoƙuwar tudu, sama a buɗe, shirwa suna shawagi ƙasa da ƙafafunsu.

Dam ɗin yana kwance a ƙasa, kore, shiru, ya shiga tsakanin tuddai ya yi rassa. Gefensa duk ya yi jan baki inda ruwa ya sauka. A can ƙuryar, inda laka ta bushe ta tsage, ga ƙauyen. Babu rufi ko ɗaya, amma bangayen suna tsaye a jere yadda aka bar su, layi biyu suna fuskantar rafi. Ga 'yar gadar dutse, rafin ma ya koma tsohuwar hanyarsa yana bi ta ƙarƙashinta kamar bai taɓa bari ba. Ga farfajiyar da ake shanya shinkafa, fara tas, wani farin zalɓe yana tsaye a tsakiyarta.

Lemar ta faɗi daga hannun Popo. Sannan ta ɗaga yatsa ta fara kira: gidan Kawu na Uku, gidan mai yin awara, ɗakin kakanni, rijiya. Ta ce wancan na ƙarshe, mai dogon dutse a bakin ƙofa, nan aka sauke ta daga kujerar da ake ɗauko amarya a kai, ta yi tuntuɓe da dutsen, duk ƙauye suka yi dariya ban da angon. A ɗakin hagu ta haifi Kwok-leung. Duk shekarun nan tana zaton ruwa ya narkar da komai ya zama taɓo, ashe ajiye shi ya yi.

Ta juyo don ta ga ko yarinyar tana gani, sai ta tarar ta ba dam baya. Wancan gefen take kallo, hawaye na zuba.

A wancan gefen birni ne. Benaye farare da masu ruwan toka sun tsaya kafaɗa da kafaɗa tun daga gindin tudu har bakin teku, sun fi ƙarfin ƙirga, gilasansu na walƙiya, gadoji sun miƙe a kan ruwa, motoci a kai kamar tururuwa. Daga nan sama ko ƙararsa ba a ji.

"Ke kuma me aka yi miki? Ƙauyenki ne?"

"A'a, Popo." Ta nuna da hannu. "Kin ga benayen can masu koren kai, kusa da filin ƙwallo? A da teku ne wurin. Nan jiragenmu suke kwana, ɗaure da juna, sai ki taka daga wannan zuwa wancan har ki kai kasuwa. Aka zo da motoci aka zuba ƙasa aka cike. Kakana da aka kai shi bene bai ƙara barcin kirki ba, yana cewa ɗakin ba ya motsi, kamar kabari. Kullum yana zaune a taga yana neman inda ya saba ɗaure jirgi, har ya rasu." Ta goge fuska da bayan hannu. "Na yi miki murna da kika ga naku. Namu ko shekara goma aka yi babu ruwan sama ba zai fito ba."

Popo ta dubi birnin, ta dubi dam, ta sake duban birnin. Duk rayuwarta tana ganin mutanen jirgi a matsayin dangin abin da ya cinye ta. Ba ta taɓa tambayar kanta ina suka koma ba da aka daina ganin jiragensu. Ta tambayi yarinyar sunan kakan nata, aka faɗa mata, ta maimaita shi a hankali. Suka tsaya a nan, iska na kaɗa musu riga, har zalɓen ya tashi daga farfajiya.

"Ɗauko mini lemata," in ji tsohuwa. "Kuma ki daina ɗaure takalmin nan, kin ishe ni. Kawo hannunki."

Kabarin mijinta yana ɗan gaba kaɗan, a kwanar tudu, yana fuskantar ruwa. Kwok-leung yana sare ciyawa, matarsa tana jera kofuna, Kin-fai yana sake shafa jan fenti a rubutun dutse. Da suka ɗago suka ga masu zuwa, laujen ya tsaya a sama. Kwok-leung ya fara faɗan yaya aka yi ta hau, in ta faɗi fa? Ta ce ya matsa mata, ba wurinsa ta zo ba.

Ta tsaya gaban dutsen ta yi wa mijinta magana yadda ta saba, kamar yana zaune yana shan taba. Ta ce masa gidansu ya fito, rufin ya tafi amma dutsen ƙofa yana nan. Ta ce biri ya ƙwace lemonsa, wanda za a ajiye masa yanzu na wata ne, ya ci ya yi godiya. Ta ce ɗansa ya bar ta a rumfa kamar tsohuwar tabarma. Sannan ta jawo Yuk-lin gaba.

"Tsoho, dubi wannan da kyau. 'Yar gidan Shek ce, mutanen jirgi. Shekara da shekaru ina wuce ta ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, yau kuma a kafaɗarta na zo maka. Ita ce matar A-Fai. Na gama magana, kada ka zo mini a mafarki da wani zance."

Ta kunna turare uku da hannunta ta miƙa wa yarinyar. Yuk-lin ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa, ta sunkuya har goshinta ya taɓa ƙasa. Kin-fai ya tsaya da burushi a hannu, fenti na ɗiga a takalminsa, yana kuka baki buɗe kamar yaron goye. Kakarsa ta ce ya rufe bakin kafin ƙuda ya shiga, ya je ya tsaya kan takardun da ake ƙona wa mamata, da ruwa a hannu, daji a bushe yake. Da aka zauna cin naman a gaban kabari, kusa da ita ta zaunar da Yuk-lin.

Ba a yi wata guda ba sama ta ɓalle, ruwa ya dawo ya rufe ƙauyen, Popo ba ta sake ganinsa ba. An yi bikin a ƙarshen shekarar, dangin amarya suka cika tebura da hayaniyarsu da waƙoƙinsu na jirgi, tsohuwa ta ce sun cika surutu, amma ba ta tashi ba sai da aka watse.

Ku 'yan mata da samarin yanzu, da an ce muku a'a sau ɗaya sai ku kumbura ku nufi ofishin rajista, ku ji wannan. Da Yuk-lin ta bi shawarar saurayinta, da ta sami miji ta rasa gida. Ta yi haƙuri, ta riƙe gaskiyarta da ladabinta, ba ta rama wulaƙanci ba, sai ga wadda ta kore ta ita ce ta kai ta gaban kakanni da hannunta. Ku kuma manya, kafin ku rufe wa 'yar mutane ƙofa saboda asalinta, ku zaunar da ita ku tambaye ta abin da ya sami gidansu.